Tekun da ke cikin buhun siminti: me dutsen Ewekoro ke ɗauke da shi, kuma wa ke da shi?

Tun daga watan Disamban 2024, lokacin da kamfanin Holcim na ƙasar Suwizalan ya sanar da cewa zai sayar wa Huaxin na ƙasar Sin kashi 83.81 cikin 100 na hannun jarin Lafarge Africa, mai masana'antar siminti ta Ewekoro a jihar Ogun, zancen dutsen farar ƙasa ya shigo bakin mutanen da a da ba ruwansu da shi. A Agege da Mile 12 da Idi-Araba, inda 'yan Arewa dillalan siminti da direbobin tirela da masu aikin gini suke da yawa, abin da aka fara tambaya shi ne ko buhu zai hau ko zai sauka. Daga nan sai aka koma kan ko dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar Ogun shi ma ya shiga cikin cinikin. Ga kuma titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, wanda aka fara a 2024 da kankare maimakon kwalta. Titi irin wannan siminti yake ci, siminti kuwa dutse yake ci.

Akwai wata tambayar da ba ta shafi aljihu ba, wadda ke fitowa daga bakin duk wanda ya taɓa ɗaukar guntun dutsen ya duba shi da kyau. A jikinsa akan ga siffar katantanwa da ƙumba, wani sa'in har da haƙorin kifi, duk sun sandare. Ewekoro kuwa tana kan hanyar Abeokuta ne, gaba da Sango Ota da Ifo, nesa da bakin ruwa sosai. Me ya kai halittun teku can? Amsar wannan ce ke bayyana dalilin da ya sa masana'antun siminti suke zaune inda suke, ita ce kuma ke nuna abin da doka ta tsare da abin da ta bari a sake.

Ba kowane dutse ne ke da burbushi ba

Tsakuwar da tifa ke kawowa Legas daga wajajen Abeokuta da Ibadan giranit ce, irin Dutsen Olumo. Narkakken dutse ne da ya huce a can cikin ƙasa fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, don haka ba wata halitta da za a tarar a cikinsa. Dutsen farar ƙasa dabam yake, kuma mai gini ba ya ganinsa da ido sai bayan an ƙona shi an niƙa an zuba a buhu mai kilo 50.

Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa shi ne kalsiyam kabonet, wanda ke cikin ɓawon ƙwai da katantanwa. Halittun ruwa suna ɗibarsa daga ruwan teku su gina ɓawonsu. In sun mutu naman ya ruɓe, ɓawon ya kwanta a ƙasan ruwa, wani ya hau kan wani, farar laka ta cike tsakaninsu, nauyin abin da ya biyo baya ya danne su har su haɗe. A wurare da yawa, in aka cire ɓawon ba abin da zai saura, domin shi ne jikin dutsen. Mai son gwadawa ya kankare dutsen ya ɗiga wa garinsa ruwan lemun tsami: na farar ƙasa zai ɗan yi kumfa, giranit ko gezau.

Abin da masana ke kira burbushin halittu shi ne duk wata shaida ta rayuwar da da ta wanzu a cikin dutse. Wani lokaci ɓawon ne da kansa. Wani lokaci ɓawon ya narke ya bar gurbinsa, laka ta shiga ta ɗauki siffarsa kamar yadda bulo ke ɗaukar siffar abin da aka buga shi a ciki. Wani lokaci kuma rami ne kawai da wata tsutsa ko ƙaguwa ta haƙa a laka tun tana ɗanya. Wannan ya sha bamban da kayan tarihi irin gumakan Nok, waɗanda hannun mutum ya ƙera. Bambancin zai yi amfani in an zo kan doka.

Ba duk masana'antar siminti ce ke zaune kan burbushi ba. A Obajana ta jihar Kogi da Okpella ta jihar Edo, dutsen ya tsufa ƙwarai, zafi da matsi sun dafa shi har ya rikiɗe ya zama mabul, ba a ganin siffar komai a cikinsa.

Yadda teku ya hau tudu

A da can Afirka da Amurka ta Kudu a manne suke, inda Najeriya take yana jingine da arewa maso gabashin Barazil. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce suka rabu, Tekun Atilantika ya buɗe a tsakaninsu, gefen Afirka ya ɗan lotsa. Wannan lotsawar ita ce masana ke kira Kwarin Dahome, wanda ya faro daga kudu maso gabashin Gana, ya ratsa Togo da Binin, ya shigo Ogun da Legas, ya tsaya a wajajen Okitipupa a jihar Ondo.

Kwarin ya cika ne shimfiɗa kan shimfiɗa. A can ƙasa akwai yashin da ake kira rukunin Abeokuta. A kansa dutsen farar ƙasa na Ewekoro yake, sai dutsen laka na Akinbo, sai shimfiɗar Oshosun mai ɗauke da fosfat, sai yashin Ilaro, sannan yashin gaɓa wanda birnin Legas ke zaune a kai. Duka shimfiɗun sun ɗan karkata ne zuwa kudu. Saboda haka dutsen da ke kusa da doron ƙasa a Ogun ya nutse can ƙasa sosai kafin a iso Ikeja, ballantana Lekki. Shi ya sa birnin da ya fi kowane shan siminti a Najeriya ba a haƙar farar ƙasa a cikinsa.

In aka duba taswira za a ga masana'antun sun yi sahu daga gabas zuwa yamma: Shagamu, wadda aka buɗe a 1978, Ewekoro, wadda ta fara aiki a 1960, Ibese ta Dangote kusa da Ilaro, wadda aka buɗe a 2012, sai a tsallaka iyaka zuwa Onigbolo a Binin da Tabligbo a Togo. Ɗamarar dutse guda suke bi, ɗamarar kuwa tana nuna inda ruwa mara zurfi ya taɓa kwanciya.

Zamanin da aka shimfiɗa dutsen Ewekoro ana kiransa Faliyosin, daga shekara miliyan 66 zuwa miliyan 56 da suka wuce. Duniya ta fi yanzu zafi, babu tulin ƙanƙara irin na yau a ƙuryar arewa da kudu, ruwan da yanzu yake daskare yana cikin teku, sai teku ya malalo kan gefen nahiyoyi.

Abin da dutsen ke nunawa

Kaurin farar ƙasar a tsohuwar mahaƙar Ewekoro bai wuce mita goma sha 'yan kai ba, amma abin da ke cikinsa ya sa sunan wurin ya shiga littattafan ilimin duwatsu na duniya. Farfesa Sylvester Adegoke na jami'ar Ife ya wallafa babban nazari a kansa a 1977, inda ya siffanta nau'o'in halittu masu ɗimbin yawa, da dama daga cikinsu ba a taɓa saninsu ba sai a nan. Mafi rinjaye dangin dodon koɗi ne da dangin ƙumba. Akwai bushiyar teku, wata halitta mai kewayayyen ɓawo da ƙayoyi, har da wata 'yar mitsitsiya mai suna Togocyamus da ake samu a nan da kuma Togo. Akwai murjani, akwai gansakukar teku mai tara farin sinadari, akwai haƙoran kifin shak, akwai notilas mai naɗaɗɗen ɓawo ɗaki-ɗaki. Sai kuma foraminifera, halittun da ba su kai ƙwayar gero ba, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu, amma su masana suka fi dogara da su.

Ta yaya ake gane irin wurin daga waɗannan? Ta hanyar duba yadda danginsu ke rayuwa a yau. Gansakuka tana buƙatar hasken rana, hasken rana kuwa ba ya kai wa can ƙasan teku mai zurfi, ke nan ruwan ba shi da zurfi. Bushiyar teku da murjani ba sa jure ruwan da kogi ya surka, ke nan ruwan gishiri ne sosai, ba irin na tafkin Legas ba wanda damina ke tsarma shi. Farar ƙasa ba ta taruwa inda kogi ke zubo laka da yawa, ke nan ruwan garau yake. Inda aka tarar da ɓawo a farfashe an san igiyar ruwa tana dukan wurin. Inda aka tarar da ƙumba da ɓarinta biyu a haɗe cikin laushin laka an san ruwan a kwance yake.

Shimfiɗun da kansu suna da labari. Ƙasan dutsen Ewekoro akwai yashi a gauraye, alamar gaɓa tana kusa. In aka yi sama sai yashin ya ragu, ɓawo ya yawaita. Daga can sama kuma sai farar ƙasa ta yanke, laka mai duhu ta Akinbo ta hau kanta, abin da ke nuna yanayin ruwan ya sauya har halittun da ke gina dutsen suka daina yawaita. A dai-dai wannan mahaɗar akwai wani koren ma'adini mai suna gulokonayit, wanda aka auna shekarunsa aka samu kimanin miliyan 54.

Akwai kuma abin da ba a samu, wanda shi ma hujja ne. Ba a samun amonayit, wata halitta mai ɓawo a murɗe kamar ƙahon rago, wadda ta cika tekunan duniya a da. Ta ƙare ne shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da dabbobin dainaso, lokacin da wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Dutsen Ewekoro ya zo bayan wannan halaka, don haka yana cikin wuraren da ake karanta yadda rayuwar teku ta farfaɗo a yankin zafi na Afirka.

Ashaka da Kalambaina: labarin ya kai gida

Ɗan Gombe ko ɗan Sakkwato da ke zaune a Legas bai kamata abin ya zo masa baƙo ba. Mahaƙar Ashaka, wadda masana'antarta ta fara aiki a 1979, ta yi suna wajen amonayit. Dutsenta ya girmi na Ewekoro da nisa, yana da shekara miliyan 90 da 'yan kai, daga lokacin da teku ya bi ta Kwarin Binuwai ya haɗe da ruwan da ya gangaro daga arewa ta cikin Sahara. A wancan lokaci ana iya tafiya a ruwa daga inda Legas take har inda Bahar Rum yake a yau.

Dutsen Kalambaina kuwa, wanda masana'antar Sakkwato ke amfani da shi tun 1967, sa'an na Ewekoro ne. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗun Dange da Wurno da Dukamaje. A shimfiɗar Dukamaje aka haƙo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masu bincike 'yan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, daga sunan Goronyo. An kuma samu wata kadar teku da aka kira Sokotosuchus. A Mali, inda wannan ruwan ya ratsa, an samu burbushin manyan macizan teku da manyan kifaye, masana kuma sun ƙiyasta zurfinsa da kimanin mita 50.

A nan masana suka rabu biyu. Wasu sun ce kamannin halittun Kalambaina da na Ewekoro ya yi yawa, dole ruwan biyu sun haɗu a zamanin Faliyosin, mai yiwuwa ta kwarin Bida. Wasu suka ce ƙananan halittun Sakkwato sun fi kama da na arewacin Afirka, kuma ba a ga farar ƙasar wannan zamani a tsakiyar Najeriya ba, don haka ruwan Sakkwato lungu ne na tekun arewa da bai ɓulle kudu ba. Na farko suna amsawa da cewa zaizaya ce ta share shaidar. Hujjar da aka ce ta goge tana da wuyar tabbatarwa, tana da wuyar ƙaryatawa, shi ya sa gardamar ta daɗe.

Shekarun nan, da batun Ɗufana

Mutane da yawa in suka ji an ce teku ya taɓa rufe Sakkwato, abin da ke faɗo musu shi ne Ɗufanar Annabi Nuhu, alaihis salam. Masana duwatsu ba su danganta waɗannan shimfiɗu da ambaliya guda ba, kuma suna da dalilai. Ana samun ramukan halittu a shimfiɗa bayan shimfiɗa, abin da ke nuna kowacce ta daɗe tana matsayin ƙasan teku kafin wata ta rufe ta. Halittun Ashaka ba su ne na Ewekoro ba, kuma ba a taɓa samunsu a cakuɗe ba. Ba a kuma samun ƙashin mutum ko wani abin da ya ƙera a cikinsu. Shekarun kuwa ana auna su ne da wasu sinadarai da ke rikiɗa a kan ƙa'ida sananniya, kamar fotasiyam da ke komawa iskar argon, sannan a gwada sakamakon da jerin halittun da aka samu a wasu ƙasashe.

Wannan fahimta ba ta Turawa ba ce su kaɗai. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, ya kafa hujja da ɓawon halittun ruwa da ake tararwa in ana haƙa rijiya. Ibn Sina ma ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da yadda ake samun halittun ruwa a cikin duwatsu. Abin da ya shafi tafsiri fagen malamai ne. Abin da dutsen ke nunawa shi ne teku ya zo ya koma ba sau ɗaya ba.

Ruwan sama da nakiya

Ruwan sama yana da ɗan tsami kaɗan saboda iskar kabon da yake kwasowa, kuma wannan tsamin yana cin farar ƙasa sannu a hankali. Da yake ɓawon halitta yakan fi abin da ke kewaye da shi tauri, zaizaya takan cinye gefe ta bar burbushin a tsaye, ko ta zubo shi a gindin tudu. A ƙasar Sakkwato, inda ciyayi ba su da yawa, kwazazzabai da gefen tuddai suna tone shi kowace damina. A kudu ba haka ba ne. Daji da jar ƙasa mai kauri sun lulluɓe komai, da wuya a ga dutsen a fili in ba a mahaƙa ba.

Nan ne lamarin ya zama gaba kura baya sayaki. Ba don kamfanin siminti ya yaye ƙasar sama ba, da ba a san abin da ke Ewekoro ba. Amma bangon da aka buɗe yau gobe nakiya za ta rushe shi, a niƙa, a haɗa da yumɓu, a zuba a tanderun da zafinsa ke kai wa digiri 1,450. Wajen digiri 900 dutsen ke sakin iskar kabon, wadda ita ce kashi 44 cikin 100 na nauyinsa, abin da ya rage ya haɗe ya zama kilinka, wato dunƙulen da ake niƙawa su zama siminti. Ana buƙatar kusan tan ɗaya da rabi na ɗanyen kaya kafin a samu tan ɗaya na kilinka. Ibese kaɗai tana iya fitar da tan miliyan 12 na siminti a shekara.

Abin da doka ta ce

Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya a hannun gwamnatin tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta nanata hakan. Kamfani lasisin haƙa yake riƙewa, na shekara 25 da ake iya sabuntawa, yana biyan gwamnati kaso kan abin da ya ɗiba. Ke nan wanda ya sayi hannun jarin kamfanin siminti ya sayi masana'anta da injuna da lasisin da ke hannun kamfanin ne, bai sayi dutsen Ogun ba. Doron ƙasa kuma, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, gwamna ne ke riƙe da shi amana. Manomi yana da haƙƙin diyyar gonarsa da amfaninta, ba shi da haƙƙin abin da ke ƙasanta. Dokar 2007 ta kuma wajabta wa kamfani ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da yake haƙa a cikinta, da tanadin gyara wurin in ya gama.

Burbushi fa? Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba izini, amma da ta zo fassara abin da take karewa sai ta ambaci burbushin mutum, ko na dabbar da aka samu tare da alamar mutum. Katantanwar da ta riga ɗan Adam da shekara miliyan 50 da ɗoriya ba ta shiga wannan fassarar ba. A idon dokar ma'adinai kuwa farar ƙasa ce kawai, ana auna ta da tan. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta fi karkata ga iska da ruwa da lafiyar jama'a. Wuraren Najeriya biyu da UNESCO ta sa a jerin gadon duniya, Sukur a 1999 da dajin Osun na Osogbo a 2005, duka na al'ada ne.

Illar wannan giɓi daɗaɗɗiya ce. Muƙamuƙin wata tsohuwar dabbar teku daga dangin wel, wato ƙattin dabbobin teku masu shayarwa, wadda aka samu a kudu maso gabashin Najeriya aka siffanta a wajajen 1920 da sunan Pappocetus lugardi don girmama Lugga, yana gidan tarihin halittu na Landan. Ɗalibin Najeriya da ke son ganinsa sai ya nemi biza.

Wa ke son me

Hujjar gwamnati da kamfanoni ba ƙarama ba ce, kuma tsofaffin mazauna Ikko ba sa buƙatar a tuna musu. A 1975 gwamnatin Gowon ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga waje, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cincirindo a bakin Apapa wata da watanni, ana biyan tarar jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. Manufar da aka fito da ita a 2002, ta ba da lasisin shigo da siminti ga masu gina masana'anta a gida kawai, ita ta juya lamarin har Najeriya ta koma mai fitar da shi. A ganinsu dutsen da ba a haƙa ba ba ya ciyar da kowa.

Masana ba su ce a rufe mahaƙa ba, don sun san ita ce tagarsu. Abin da suke nema ƙarami ne: a keɓe bango guda da ke nuna shimfiɗun daga ƙasa har sama a bar shi, a bar ɗalibai su shiga kafin a sa nakiya, a ajiye abin da aka tsinta a gidan tarihi na cikin gida irin na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife. Kamfani kuma yana da uzurinsa: mahaƙa wurin haɗari ce, bangon da aka bari yana buƙatar kulawa, rami in an daina zuƙe ruwansa cika yake ya zama tafki.

Mutanen da ke maƙwabtaka da masana'antu damuwarsu wata ce dabam: ƙura a kan rufi da amfanin gona, girgizar nakiya, gonakin da suka tafi, da aikin yi ga 'ya'yansu. Burbushi ba ya cikin abin da ke hana su barci, sai fa in zai jawo baƙi masu kashe kuɗi.

Wasu ƙasashe sun gwada hanyoyi mabambanta. Ramin Messel a Jamus mahaƙa ce da aka daina, har an shirya mayar da ita juji, mutane suka tashi tsaye, a 1995 ta shiga jerin gadon duniya. Masar ta killace Wadi al-Hitan, kwarin da ke cike da ƙasusuwan wel, ya shiga jerin a 2005. A Maroko kuwa burbushin da ke fitowa daga mahaƙun fosfat na Khouribga ya zama hajar kasuwa: iyalai da yawa suna ci da shi, amma jabu ya yi yawa, masu daraja kuma suna sulalewa waje.

Inda abin ya taɓa mazaunin Legas

Farashin buhu ba ya rataye da ƙarancin dutse. Kuɗin gas da gawayin ƙona tanderu, canjin dala wajen sayo kayan gyara, kuɗin dizal na tirela, da ƙarancin kamfanonin da ke gasa a kasuwar, su ne suka fi juya shi. Keɓe bango ɗaya a mahaƙa ba zai ƙara ko naira ɗaya a buhu ba, sauya mai hannun jari shi kaɗai ma ba ya nuna inda farashi zai dosa.

Masu haƙar rijiya da burtsatse a Ajah ko Badagry sukan ci karo da ɓawon ƙumba a 'yan mitoci kaɗan. Wannan ba na zamanin Ewekoro ba ne. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce teku ya yi ƙasa da inda yake yau da kusan mita 120; da ƙanƙara ta narke ya dawo, yashin da Lekki da Victoria Island ke kai da tafkin da ke bayansu suka samu a 'yan dubban shekarun nan. Ɓawon da ke cikinsu yana nan da haskensa, yana karyewa a hannu, bai zama dutse ba.

Sai tsoron da wasu ke yi: tunda teku ya taɓa kai wa Sakkwato, ko yana kan hanyar komawa? Wancan hawan ya ɗauki miliyoyin shekaru. Na yanzu, bisa ƙididdigar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, santimita 20 ne daga 1901 zuwa 2018, kuma saurinsa ya kai milimita 3.7 a shekara tsakanin 2006 da 2018. Ba abin da zai kai Agege ba ne, amma ga unguwannin da ke dab da ruwa, inda ƙasa ma ke ɗan nutsewa kuma magudanai a toshe suke, santimita kaɗan na da tasiri. Cinyewar da teku ya yi wa Bar Beach, gaɓar Victoria Island, kuwa tana da nata sanadin: shingayen dutse da aka gina a bakin tashar jirgin ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma. Alaƙar da ke tsakanin tsohon tekun da na yau ita ce iskar kabon: sarrafa siminti na fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na wadda duniya ke fitarwa, wani ɓangare nata kuma ita ce wadda halittun nan suka kulle a ɓawonsu.

Wanda ya tsinci dutse mai siffar katantanwa kada ya bari a ruɗe shi da cewa dutse ne mai daraja irin su safaya. Irin waɗannan suna da yawa, ba su da wani kuɗi a kasuwa. Shiga mahaƙa ba izini kuma laifi ne, ga haɗari. In abin ƙashi ne, ko haƙori babba, ko wata siffa da ba a saba gani ba, kada a wanke shi da ruwan batir ko a goge shi da ƙarfe. A ɗauki hotonsa a inda yake, a rubuta sunan wurin da zurfin da aka same shi da launin ƙasar da ke sama da ƙasa da shi, sannan a kai sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa, kamar ta Legas da ke Akoka, ko ofishin Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa. Abin da za su fara tambaya shi ne daga wace shimfiɗa ya fito.